Wanda ya tsira daga halaka, jarumi ne ko mai sauran kwana?

Sadiq_Fagge:
Salamu alaikum 'yan uwa. Waye a cikinku ya san labarin Harrison Okene? Ɗan Najeriya ne, kuku a wani ƙaramin jirgin ruwa irin masu jan manyan jirage, sunan jirgin Jascon 4. Ranar 26 ga Mayu 2013 da asuba igiyar ruwa ta kifar da jirgin a teku can wajen Escravos ta jihar Delta, ya nutse har ƙasa kusan mita 30 kuma a kife ya sauka. Su 12 ne a ciki. Shi lokacin yana banɗaki, ruwa ya yi ta jansa yana lalube cikin duhu har ya samu wani lungu da iska ta maƙale a sama, nan ya zauna kusan awa 60 daga shi sai gajeren wando, ba abinci ba ruwan sha sai lemon Coke guda ɗaya da ya tsinta. Masu nutson da aka kawo ma gawa suka zo kwasa, ba wanda ya zaci akwai mai rai, kawai ɗayansu ya ga hannu cikin ruwa ya kai nasa sai hannun ya riƙe shi. Sauran 11 babu wanda ya rayu.
To tambayata a nan, kowa sai ka ji yana cewa jarumi ne jarumi ne. Ni a ganina ba jarumta a ciki, kwanansa ne bai ƙare ba, domin da a ɗakin kwana yake da tuni an manta da sunansa. Ya kuka gani?

Ummu_Haidar:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni karantawa kawai na yi numfashina na neman ɗaukewa, awa 60 cikin duhu a ƙasan teku. Allah ka yi mana kyakkyawan ƙarshe.

Injiniya_Bello:
Wa alaikumus salam Malam Sadiq. Rabin maganarka na yarda da ita, rabi ban yarda ba. Shigarsa banɗaki a daidai wannan lokacin ba dabararsa ba ce, wannan kam haka ne, musamman da yake ma'aikatan jirgin kan kulle ƙofofin ɗakunansu da dare saboda tsoron 'yan fashin teku. Amma bayan nan fa? Mutumin nan bai zauna yana jiran mutuwa ba. Ya ɓalle allunan bango ya haɗa da katifa ya yi wajen da zai ɗora jikinsa don kar ya dawwama cikin ruwa, saboda sanyin ruwa kaɗai yana kashe mutum a hankali ko da akwai iskar shaƙa. Kuma da ya ji motsin masu nutso ya yi ta buga bangon jirgin, da ya hango hasken fitilarsu kuma ya sake faɗawa ruwan ya bi su. Mutum nawa ne za su iya barin ɗan wurin da suke numfashi su koma cikin baƙin ruwa alhali sun san akwai gawarwakin abokansu a ciki? Shi da bakinsa ya ce yana jin ƙarar kifaye suna cin gawar. Wanda ya riƙe hankalinsa a wannan hali ni dai ba zan hana shi sunan jarumi ba.

Dan_Gwandu77:
ni fa abin da ya ɗaure min kai ya za a yi iskar ɗan lungu ta ishi mutum har kwana biyu da rabi, anya ba mutanen ruwa ne suka riƙe shi ba kuwa

Injiniya_Bello:
@Dan_Gwandu77 ba kai kaɗai ka yi wannan tunanin ba, shi kansa ya ce da ya dawo gida har tambayarsa aka yi ko tsafi ya yi. Amma abin yana da bayani. A zurfin mita 30 matsin da ke kan komai ya kai kusan ninki huɗu na wanda muke ciki a nan doron ƙasa, to iskar da ke wannan lungun a danne take, ma'ana abin da ke cikinta ya ninka abin da ido zai ƙiyasta. Sannan abin da ya fi saurin kashe mutum a rufaffen wuri ba ƙarewar iskar shaƙa ba ne, taruwar wadda yake fitarwa ce, ita kuma ruwa yana shanye wani ɓangare nata.
Wani abin da mutane ba su sani ba, da a ce da suka gan shi sun finciko shi sama kai tsaye to da sun kashe shi. Wanda ya daɗe a wannan matsin iskar naitrojin ta narke ta cika masa jini, in aka rage matsin farat ɗaya sai ta yi kumfa a jijiyoyi kamar ka girgiza kwalbar lemo ka buɗe. Shi ya sa suka sa masa hular nutso suka kai shi cikin wata ƙwaryar ƙarfe da masu nutso ke sauka da ita, daga nan aka sa shi a ɗakin rage matsi ya ƙara kusan wasu awa 60 kafin ya ga rana.

Malam_Habu_Zariya:
Malam Sadiq, ina ganin ka raba abu biyu da addini bai raba ba. Babu mai musun cewa ajali a rubuce yake, ba ya gaba ba ya baya. Amma riƙo da sababi shi ma yana cikin abin da aka rubuta. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka ce masa annoba ta ɓarke ya juya da mutane, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake? Ya ce eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ga kuma hadisin mai raƙumi, ɗaure shi sannan ka yi tawakkali. Don haka cewa mutum yana da sauran kwana bai kore cewa ya yi ƙoƙari abin yabo ba.

Sadiq_Fagge:
Na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ban musa sababi ba. Abin da ke damuna shi ne in muka ce wanda ya fita jarumi ne, to me za mu ce da waɗanda ba su fita ba? Ragwaye ne? Ai su ma na tabbata sun yi ta dukan ƙofa har ransu ya fita, kawai babu wanda ya rage da zai ba da labarinsu ne.

Issoufou_Damagaram:
Wallahi Sadiq ka taɓo min inda ke min ciwo. A wannan shekarar dai ta 2013 cikin watan Oktoba, a nan ƙasarmu Nijar an tsinci gawar mutum 92 cikin hamada arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya. 52 yara ne, 33 mata, maza 7. Mafi yawansu mutanen kudu ne, yankin Kance a jiharmu ta Damagaram, talauci ya kore su za su Tamanrasset neman abin kai wa baki. Motocinsu biyu suka lalace, ruwa ya ƙare, suka watsu ƙungiya ƙungiya suna neman rijiya. An samu gawarwaki a warwatse, wasu uwa da 'ya'yanta wuri guda. Gwamnati ta sa makokin kwana uku. Ka gaya min macen da ta goya ɗa ta riƙe wani a hannu ta yi ta taka rairayi cikin wannan rana har ta faɗi, wa ya fi ta jarumta? Amma yau ko sunanta babu wanda ya sani a duniya. Shi ya sa ni in ana irin wannan hira zuciyata ba ta kwanciya.

Ummu_Haidar:
Allah ya jiƙansu ya gafarta musu, ya sa sun huta. Wallahi hawaye nake.

Hajiya_Rabi_Kaduna:
Amin. Issoufou ɗana ka yi gaskiya, amma maganarka ba ta rushe ta Injiniya ba ai, ta ƙara mata ƙarfi ne ma. Ita wannan baiwar Allah jaruma ce ko da ba ta tsira ba. Kenan jarumta daban tsira daban, wani ya samu duka biyun wani ya samu ɗaya. Kuskuren mutane shi ne auna jarumta da sakamako.
Ni labarin da ya fi tsaya min a rai na yaran nan ne na ƙasar Kolombiya. Ranar 1 ga Mayu 2023 ƙaramin jirgin sama ya faɗi da su a dajin Amazon, manyan da ke ciki su uku duk suka rasu har da mahaifiyarsu. Yara huɗu suka rage, babbar shekararta 13, sai mai 9, sai mai 4, sai jaririya 'yar wata 11. Sai ranar 9 ga Yuni aka same su, kwana 40 cif, kuma duk da ransu har jaririyar da ta cika shekara a cikin dajin. Garin rogon da ke cikin jirgin suka fara ci, da ya ƙare suka koma 'ya'yan itatuwa, kuma yarinyar ta san wanda ake ci da wanda ke kisa saboda 'yan ƙabilar Huitoto ne, a daji aka raine su manya suna nuna musu. Ni uwa ce na san wahalar jariri ko a cikin gida ga ruwa ga wuta ga maƙwabta, balle a dajin da ruwan sama ba ya ɗaukewa. Duk wanda ya ce min wannan yarinyar sauran kwana ne kawai to ban yarda ba.

Abba_Kwamfuta:
Hajiya wannan labarin na bi shi lokacin da ake nemansu, har muryar kakarsu aka naɗa ana sakawa da lasifika daga jirgi mai saukar ungulu da yarensu tana ce musu su tsaya wuri ɗaya. Sojoji da mutanen ƙauyukan dajin suka haɗu wajen neman. Akwai karen sojoji ma mai suna Wilson da ya ɓata a wajen neman, shi ba a same shi ba.

Zee_Katsina:
abin da na lura duk waɗanda ake kawowa akwai wani ɗan ilimi da suka riƙe. akwai wata Juliane Koepcke 'yar shekara 17, a 1971 jajibirin Kirsimeti tsawa ta faɗa wa jirginsu a sama a ƙasar Peru ya tarwatse, ta faɗo daure a kujerarta cikin daji, mutum 92 ne a jirgin ita kaɗai ta rayu har mamanta ta rasu. faɗowar nan kam ba wanda zai ce dabara ce, ikon Allah ne tsantsa. amma babanta masanin dabbobin daji ne ya taɓa gaya mata in ka ɓata ka nemi ruwa mai gudu ka bi shi zai kai ka babban kogi, kogi kuma zai kai ka wajen mutane. haka ta yi ta bin rafi da karyayyen ƙashin wuya, ciwon hannunta har ya yi tsutsa, da ta samu wata bukka ta zuba masa fetur tsutsotsin suka fito, kwana 11 kafin masu aikin daji su same ta. to ni abin da nake tambaya mu me muke koya wa yaranmu? yaro ya gama sakandare ko iyo bai iya ba

Sarkin_Ruwan_Yawuri:
Zee kin faɗi gaskiya. Ni a bakin Kwara aka haife ni kuma sana'ar gidanmu kenan, amma zan gaya miki ko iya iyo ba ya isa in jirgi ya kife da mutane da yawa, domin wanda bai iya ba shi ke riƙe wanda ya iya su tafi tare. Ina saurayi jirgin kasuwa ya taɓa kifewa a gabanmu, an yi masa lodi fiye da ƙima ga buhuna ga babura ga mutane, ya daki kututturen itace a ƙarƙashin ruwa ya tsage. Muka shiga da kwalekwale muna tsamo na tsamowa. Akwai wata tsohuwa da muka samu can ƙasa nesa da wurin, ta rungume jarkar manja da babu komai a ciki, ta cusa gefen zaninta a hannun jarkar ta ɗaure. Ba ta iya iyo ba ko kaɗan. Samari majiya ƙarfi sun tafi ita ta fita. Da muka ɗora ta a kwalekwale ba ta ce komai ba sai tambayar jikarta take. Har yau in na tuna sai in rasa me zan kira abin, hankalin da ta yi na ɗaure jarkar ne ko kuwa Allah ne ya turo mata jarkar, ni dai na ga duka biyun da idona.

Sadiq_Fagge:
Sarkin ruwa, jikar fa?

Sarkin_Ruwan_Yawuri:
Sai washegari aka ga gawarta. Allah ya jiƙan musulmi.

Kabiru_Jos:
Amin ya Allah. Ni ina ganin mu bambance mai ceton kansa da mai ceton wani. Mai ceton kansa ba shi da zaɓi, ko ya motsa ko ya mutu, ko akuya aka jefa ruwa za ta yi ta harba ƙafa. Jarumi shi ne wanda yake tsaye lafiya a kan tudu ya zaɓi ya shiga. Misali Joe Blankson a jihar Ribas 2018, jirginsu ya kife a hanyar Bakana ya yi ta komawa yana fito da mutane har 13, a komawa ta gaba ƙarfinsa ya ƙare ya nutse. Ko Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa a Barikin Ladi nan jiharmu, a watan Yunin 2018 da maharan suka zo ya ɓoye mutum 262 galibinsu Kiristoci a masallaci da gidansa, ya fito ya tsaya a gaban masu bindiga yana roƙonsu ya ƙi buɗe ƙofa, dattijo mai shekara sama da 80. Allah ya saka masa da alheri. Wannan shi ne jarumta a wajena, don da ya rufe ƙofarsa ya yi shiru ba wanda zai zarge shi.

Injiniya_Bello:
Kabiru misalanka masu ƙarfi ne amma ban yarda mai ceton kansa ba shi da zaɓi ba. Yana da shi, zaɓin ya saki. Kuma da yawa sakin suke yi. Ka duba mutanen tsaunin Andes na Kudancin Amurka. 13 ga Oktoba 1972 jirgin sojan sama na Yurugwai ɗauke da mutum 45, 'yan wasan ƙwallon zari-ruga da danginsu, za su Santiyago ta ƙasar Chile, ya faɗi a kan tsauni cikin ƙanƙara a tsayin sama da mita 3,500. Suna da ƙaramar rediyo, da kunnensu suka ji an ce an dakatar da nemansu. Bayan sati biyu da 'yan kwanaki ƙanƙara ta zaftaro cikin dare ta rufe gangar jirgin da suke kwana ta kashe mutum 8. Duk da haka biyu daga cikinsu, Nando Parrado wanda mahaifiyarsa da ƙanwarsa suka rasu a wurin, da Roberto Canessa ɗalibin likitanci, suka ɗinka jakar barci da abin da suka yage daga jikin jirgin suka kama hawan dutse ba kayan hawa ba taswirar kirki, kwana 10 suna tafiya har suka hango wani makiyayi a kan doki a tsallaken kogi, Sergio Catalán. Ƙarar ruwa ta hana su jin juna sai takarda aka ɗaura a dutse aka jefa. Mutum 16 aka kwaso da rai bayan kwana 72. Da waɗannan biyun sun zauna da ba wanda zai fita.

Dan_Gwandu77:
Injiniya ka tsallake wajen da ya fi muhimmanci, me suka ci kwana 72 a kan ƙanƙara

Injiniya_Bello:
Ban ɓoye ba, ina zuwa ne. Naman waɗanda suka rasu suka ci. Wurin babu ciyawa babu dabba babu komai, ɗan cakulan da abin da ke jirgin ya ƙare cikin kwanaki kaɗan. Sun yi shawara a tsakaninsu, har suka yi wa juna alkawarin duk wanda ya mutu a ci nasa.

Ummu_Haidar:
A'uzubillahi. Ni kam gara in mutu wallahi.

Zee_Katsina:
Anti Ummu kar ki rantse, ba wanda ya san abin da zai yi sai ya shiga. Allah dai kar ya jarrabe mu

Abba_Kwamfuta:
@Malam_Habu_Zariya don Allah Malam a musulunci ya hukuncin yake? Na san an halatta mushe in mutum ya matsu amma ɗan Adam fa?

Malam_Habu_Zariya:
Malam Abba, halaccin cin mushe ga wanda ya matsu yana cikin Alƙur'ani, Baƙara aya ta 173, da sharaɗin ba don sha'awa ba kuma ba a wuce gwargwadon buƙata ba. Game da gawar ɗan Adam kuwa malamai sun tattauna mas'alar tun da daɗewa kuma sun saɓa. Shafi'iyya sun yi sauƙi idan babu wani abu sam kuma mutuwa ce a gaba, hujjarsu alfarmar mai rai ta fi ta mamaci. Abin da ya shahara a mazhabarmu ta Malikiyya shi ne hani, saboda girman alfarmar ɗan Adam a raye da a mace. Abin da ba a yi saɓani a kai ba shi ne ba a kashe wanda jininsa ke da alfarma don a ci, ko da kowa zai mutu. Su waɗancan ba su kashe kowa ba, kuma Kiristoci ne 'yan Katolika, malaman cocinsu sun ce musu ba su yi zunubi ba. Ni dai ba zan zage su ba, kuma ina roƙon 'yan uwa kar mu mayar da wannan abin raha.

Maman_Sani_Agadas:
Salamu alaikum, yanzu na karanto tun daga sama. Issoufou gaisuwa. Ni na bi hanyar Agadas zuwa Dirku zuwa Libiya a bayan mota shekarun baya kuma motarmu ta mutu a tsakiyar hamadar Tenere. Abin da zan ce ma Sadiq shi ne a irin wannan wuri ba ƙarfi ke aiki ba, wanda ake saurara ne. Direbanmu Batube ne dattijo, ya ce ba mai barin mota, da rana kowa ya shiga ƙarƙashinta ko a ɗaura bargo a yi inuwa, ba magana ba yawo, ruwa kuma shi ke rabawa da murfin jarka safe da yamma. Wasu samari biyu suka ce su ba za su zauna su mutu ba sun hango kamar bishiyoyi, ya roƙe su ya roƙe su suka tafi. Mu da muka zauna wata mota ta biyo ta same mu. Su har muka bar wurin ba su dawo ba kuma ban sake jin labarinsu ba. To ka ga a nan zama ne ya fitar da mu, a Andes kuma tafiya ce ta fitar da su. Waɗancan samarin da sun dace da rijiya da yanzu su ake kira jarumai mu ragwaye.

Sadiq_Fagge:
Yawwa Maman Sani, ka faɗi abin da na kasa faɗa tun ɗazu. Aiki iri ɗaya, wanda ya dace a ce jarumi wanda bai dace ba a ce ganganci ya yi.

Hajiya_Rabi_Kaduna:
A'a Sadiq ba iri ɗaya ba ne. Na Andes sun yi wata biyu suna jira, sun ji da kunnensu an daina nemansu, sun gwada fita sau da dama sun dawo, sun jira sanyi ya ragu sannan suka yi shiri suka tafi da yardar sauran. Samarin Maman Sani kuwa suna kan hanyar da motoci ke bi, ga wanda ya san hamada yana ce musu kar su tafi. Allah ya jiƙansu in sun rasu, amma wannan ƙin jin magana ne. Shi direban nan da ya riƙe jarka yana rabo da murfi mutane na hararar sa, shi ne ya yi abin a yaba.
Irinsa ne shugaban ma'aikatan nan na mahaƙar San José a Chile 2010, Luis Urzúa. Mutum 33 ƙasa ta rufe su a zurfin kusan mita 700, kwana 17 ba wanda ya san suna raye, ya riƙa raba musu kifin gwangwani cokali biyu duk bayan kwana biyu. Kwana 69 suka yi, kuma da aka zo fito da su ɗaya bayan ɗaya shi ne na ƙarshe.

Abba_Kwamfuta:
Ni duk cikin irin waɗannan abubuwan wanda ya fi hana ni barci jirgin Malesiya ne MH370, 8 ga Maris 2014 ya tashi daga Kuala Lumpur za shi Beijin da mutum 239 ya juya hanya ya ɓace, sai wani ɓallin fiffike da aka tsinta a tsibirin Reunion a 2015 da wasu tarkace a gaɓar Afirka ta gabas. A wannan zamanin da waya ke nuna inda kake a ce jirgi guda ya ɓata.

Kabiru_Jos:
Abba wannan ai zance ne mai zaman kansa, ka buɗe masa nasa mu zo. Nan maganar waɗanda suka tsira ake.
Hajiya na karɓi maganarki a kan direban da shi Urzúa, amma ki lura duk su biyun wasu suka ɗauka a wuyansu, kin ga kin dawo kan maganata kenan. Haka yaran kogon Tailan a 2018, yara 12 'yan ƙwallo da kocinsu da ambaliya ta tare a cikin kogo, duniya ta yi ta murna an fito da su amma Saman Kunan tsohon sojan ruwa da ya ajiye aikinsa ya zo taimako, ya kai tukwanen iska cikin kogon a hanyar dawowa numfashinsa ya ƙare ya rasu. Yaran allurar barci aka yi musu aka fito da su ba su ma san an yi ba.

Injiniya_Bello:
Sun san kwana tara da suka yi a duhu kafin a gan su ai Kabiru, suna lasar ruwan da ke ɗiga daga dutse.
Sadiq bari in ƙara maka wani abu a kan Harrison tunda da shi ka fara. Bayan fitowarsa ya yi fama da mugayen mafarkai, yana barci sai ya ji kamar gadon na nutsewa, kuma ya ce a ƙasan ruwan ya yi alkawarin ba shi ba teku. Amma a 2015 ya je ya koyi aikin nutso ya samu takardar shaida, ya koma yana shiga irin zurfin da ya kusa kashe shi. Wannan fa ba wanda ya tilasta shi.

Sadiq_Fagge:
Wannan kam na yarda jarumta ce, domin da ƙafarsa ya koma. Amma awa 60 ɗin nan ina nan kan bakata, kuma har yanzu ba wanda ya amsa min me za mu kira mutum 11 da ke cikin jirgin.

Malam_Habu_Zariya:
Ba sai mun kira su komai ba Malam Sadiq, ba mu ga abin da suka yi ba. A musulunci ma wanda ruwa ya ci da wanda gini ya faɗa wa suna cikin waɗanda hadisi ya ambata da shahada, ka ga ba a ɗora darajar a kan fita ba.

Sarkin_Ruwan_Yawuri:
Ni dai roƙona ga duk mai shiga jirgi a Kwara ko Binuwai ko dam, in ka ga an yi lodi ruwa ya kusa bakin jirgi ka sauka ko da ka biya, kar ka shiga da dare, in akwai rigar ruwa ka sa kar ka ji kunya. Zee maganar koya wa yara iyo da kika kawo, a garinku akwai inda ake koyarwa kuwa? Don mu nan yaro tun yana shekara biyar yake shiga ruwa, amma 'yan birni da ke zuwa mana biki su ne kullum abin tsoronmu.

Zee_Katsina:
babu gaskiya sai otal otal kuma kuɗi ne, mata kuma ba ma inda za su je. in akwai wanda ya san wuri a Katsina ko Kano da mace ke koya wa mata da yara don Allah ya sanar da ni, ina da yara uku